Yadda Ake Sa Shugabannin Banki Su Amsa Laifinsu Bayan Rikicin Kuɗi

Idan manyan bankuna suka kama hanyar durƙushewa, gwamnati ba ta da zaɓi mai yawa, domin a cikinsu ne albashin ma'aikaci yake, da jarin ɗan kasuwa, da ɗan abin da aka ajiye wa marayu. Shi ya sa ake ɗibar dukiyar jama'a cikin gaggawa a tallafe su. Abin da ba a cika gaggauta shi ba shi ne tuhumar mutanen da suka kai bankunan ga wannan hali, kuma da zarar an yi sakaci da watannin farko, yawanci maganar takan shiririce ke nan. Wannan jagora domin 'yan jarida ne, da 'yan majalisa, da masu ƙananan hannayen jari, da duk mai ajiyar da ke son sanin abin da ya kamata ya nema daga hukuma da lokacin da ya kamata ya nema. An gina ta ne a kan abin da ya faru a Najeriya a 2009, tare da abin da Amurka da tsibirin Ayislan suka yi bayan rikicin 2008, domin ƙasashen uku sun bi hanyoyi daban-daban, kuma sakamakon kowace hanya ya riga ya bayyana.

A fara da raba hasara da laifi

Ba kowane bankin da ya faɗi aka yi sata a cikinsa ba. Manajan da ya ba mai shigo da man fetur rance lokacin da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008, sannan farashin ya faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen shekarar, ya yi mummunan lissafi kuma ya cancanci ya rasa kujerarsa, amma kotu ba ta ɗaure mutum saboda rashin hangen nesa. Duk wanda ya cakuɗa waɗannan abubuwa biyu zai sha kaye a gaban alƙali. Haka ta faru a Amurka a Nuwamban 2009, lokacin da kotu ta wanke manajoji biyu na kamfanin hada-hadar kuɗi na Bear Stearns, bayan lauyoyinsu sun gamsar da masu yanke hukunci cewa kasuwa ce ta juya musu baya, su kuwa ba su yi niyyar yaudarar kowa ba.

Saboda haka tun daga rana ta farko mai bincike ya san irin abin da yake nema. Ya nemi rancen da shugaban banki ya ba kansa ko danginsa ta hanyar kamfanonin da ba su da komai sai suna. Ya nemi bashin da aka daina biya amma ana ci gaba da rubuta shi a littafi a matsayin lafiyayye domin a nuna riba, da rancen da aka bayar babu jingina ko ba tare da amincewar kwamitin daraktoci ba, da rahoton ƙarya da aka aika wa Babban Banki. Sama da waɗannan duka, ya nemi sayen hannun jarin banki da kuɗin bankin kansa, domin wannan shi ne laifin da ya fi ɓarna, kuma shi ne mutane suka fi kasa fahimta.

Ga yadda yake aiki. Jarin banki shi ne kuɗin masu bankin, wanda ake sa ran zai fara ƙonewa idan hasara ta zo, kafin a taɓa ajiyar jama'a. Idan shugaban banki ya ɗebi kuɗin masu ajiya ya ranta wa wani kamfani na ɓoye, kamfanin kuma ya sayi hannun jarin wannan bankin da su, to a takarda jari ya ƙaru, farashin hannun jari ya tashi, masu saye daga waje suna tururuwa, alhali kuwa babu ko kwabo da ya shigo daga ko'ina. Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya yi bayanin wannan dalla-dalla a laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a Fabrairun 2010, inda ya nuna cewa wani ɓangare na jarin da wasu bankuna suka ce sun tara bayan haɗewar bankuna ta 2005 ajiyar jama'a ce aka sake wa suna. Irin wannan dabara ce ta kai shugabannin bankin Kaupthing na Ayislan kurkuku. A Satumban 2008 bankin ya sanar cewa wani basarake daga Ƙatar ya sayi kashi 5 cikin ɗari na hannun jarinsa, ba tare da faɗa wa jama'a cewa bankin ne ya ba da kuɗin sayen ba, kuma a Fabrairun 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke wa tsohon shugaban bankin, Hreidar Mar Sigurdsson, ɗaurin shekara biyar da rabi.

A raba su da ofis kafin a raba su da komai

Shugaban da ake zargi, muddin yana kan kujerarsa, shi ke da mabuɗin ɗakin takardu, shi ke iko da kwamfutocin banki, kuma a ƙarƙashinsa shaidun suke neman abinci. Wannan ne dalilin da ya sa tsige shi yake zuwa kafin komai, kuma a nan Najeriya ta yi abin da ƙasashe da yawa suka kasa. Bayan binciken haɗin gwiwa na Babban Banki da hukumar inshorar ajiya ta NDIC, a ranar 14 ga Agusta 2009 aka sallami shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, wato Intercontinental, Oceanic, Afribank, Union Bank da Finbank, aka naɗa sababbi, aka zuba naira biliyan 420. A farkon Oktoba aka ƙara da Bank PHB, Spring Bank da Equitorial Trust, jimillar tallafin ta kai naira biliyan 620. Babu mai ajiyar da ya rasa kuɗinsa a waɗannan bankuna.

Abin da jama'a za su nema a wannan mataki shi ne tabbacin cewa an killace takardun rance, da bayanan taron daraktoci, da wasiƙun imel, kuma an hana waɗanda ake zargi fita daga ƙasa har sai an ji ta bakinsu. Su kuma nemi a auna duk bankuna da ma'auni ɗaya. A 2009 an yi ta yaɗa cewa wata manufa ta ɓangaranci ce ke bayan sallamar, kuma wasu masu hannun jari sun garzaya kotu. Irin wannan zargi zai taso a kowane lokaci, domin wanda aka kama yana da kuɗin ɗaukar masu yi masa magana. Maganinsa shi ne a bincike kowane banki, kamar yadda aka bincike dukkan 24 ɗin a wancan lokaci, a kuma bayyana alƙaluman da aka dogara da su, ta yadda mai shakka zai iya duba su da kansa.

A yi bincike iri biyu, kada a haɗa su

Akwai binciken da aikinsa shi ne gaya wa al'umma abin da ya faru, akwai kuma wanda aikinsa shi ne haɗa hujjar da za ta tsaya a kotu. Ayislan, ƙasa mai mutane kimanin 320,000 a lokacin, ta yi duka biyun bayan manyan bankunanta uku, Kaupthing, Landsbanki da Glitnir, sun rushe cikin mako guda a Oktoban 2008. Majalisar dokokinta ta kafa kwamitin bincike na musamman mai ikon kiran kowa da buɗe kowace takarda, kuma a Afrilun 2010 ya fitar da rahoto mai shafi sama da 2,000 wanda ya ambaci sunayen ministoci da jami'an babban banki da suka yi sakaci. A gefe guda kuma aka buɗe ofishin mai gabatar da ƙara na musamman a farkon 2009, ƙarƙashin Olafur Hauksson, aka ba shi ma'aikata da kasafin kuɗi na kansa, aka kuma ɗauko Eva Joly, tsohuwar alƙaliyar binciken rashawa a Faransa, ta ba shi shawara.

Amfanin rahoton na farko shi ne yana hana a sauya tarihi. Bayan shekara goma, lokacin da fushin jama'a ya huce, wanda aka tsige zai dawo ya ce zalunci aka yi masa, kuma idan babu rubutaccen bayani da kowa zai iya karantawa, babu mai iya ƙaryata shi. Saboda haka 'yan majalisa su nace a kafa irin wannan kwamiti, a ba shi wa'adi, a kuma rubuta cikin dokar kafa shi cewa dole a wallafa rahotonsa gaba ɗaya. Amfanin ofishi na biyu kuwa shi ne ƙwarewa. Shari'ar banki tana buƙatar akantoci masu iya bin kuɗi daga asusu zuwa asusu har cikin ƙasashen waje, kuma ɗan sandan da ke riƙe da fayil hamsin na laifuka daban-daban ba zai iya wannan aiki ba komai himmarsa.

A bi sa hannu, kada a tsaya ga sunan banki

Kowane rance na banza akwai wanda ya nema, akwai wanda ya amince, akwai wanda ya sa hannu a saki kuɗin. Idan aka bar tuhuma ta tsaya a kan banki a matsayinsa na kamfani, waɗannan mutane sun tsira. Amurka ce misali mafi girma. Bayan faɗuwar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba 2008 da shirin ceto na dala biliyan 700, gwamnati ta karɓi tara mai yawan gaske: JPMorgan ya amince da biyan dala biliyan 13 a 2013, Bank of America kuma dala biliyan 16.65 a 2014. Amma wannan kuɗi daga asusun bankunan ya fito, ma'ana masu hannun jari ne suka biya, ciki har da asusun fansho na ma'aikata. A cikin manyan ma'aikatan bankunan Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Amurka, wanda aka fi sani da zuwa kurkuku kan rikicin shi ne Kareem Serageldin na Credit Suisse, da aka yanke wa wata 30 a 2013, kuma shi ba shugaban banki ba ne. Ba rashin doka ne ya jawo haka ba, domin a rikicin bankunan adashi da lamunin gidaje na ƙarshen shekarun 1980, a wannan ƙasa dai, an samu mutum sama da 1,000 da laifi, saboda hukumomin sa ido na lokacin sun riƙa miƙa fayiloli ga masu gabatar da ƙara da sunayen mutane a kai.

To, duk lokacin da aka sanar da cewa wani banki ya biya tara, tambayar da ya kamata ɗan jarida ya yi ita ce wane mutum ne ya aikata abin da ake biyan tarar a kai, kuma me ya same shi. Babbar kariyar manyan shugabanni ita ce cewa ba su sani ba, na ƙasa ne suka yi. Birtaniya ta toshe wannan kafa da tsarin da ya fara aiki a Maris 2016, wanda ya wajabta wa kowane babban jami'in banki rubutacciyar takarda da ke fayyace sashen da ke wuyansa, kuma dokokinta sun ba da damar a karɓe ladan ƙarshen shekara da aka riga aka biya har tsawon shekara bakwai idan ɓarna ta bayyana daga baya. A ganina wannan ya fi kowace tara tasiri, domin mutum yana taka-tsantsan ne idan ya san aljihunsa za a taɓa.

A kama dukiya da wuri, a kuma sa wa sulhu sharaɗi

Kuɗi ya fi shari'a sauri. Kafin a gama karanta tuhuma, gidaje sun koma sunan 'yan uwa, hannayen jari sun sauya hannu. Saboda haka a nemi umarnin kotu na hana taɓa kadarori tun kafin a gurfanar da mutum, a gida da waje, sannan sabon shugabancin banki ya shigar da ƙarar neman diyya, wadda ba ta jiran ƙarewar shari'ar laifi kuma hujjar da take buƙata ba ta kai ta laifi tsauri ba. A 2012 wata babbar kotu a Landan ta umarci tsohon shugaban Intercontinental, Erastus Akingbola, ya biya kimanin fam miliyan 654 ga bankin da ya gaji nasa, a daidai lokacin da shari'ar laifin da ake yi masa a Najeriya take ta kai-komo tsakanin kotuna.

Yarjejeniyar amsa laifi domin a sassauta hukunci tana da amfani, amma tana da haɗari. A Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta amsa laifuka uku, aka yanke mata wata shida, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 191. An samu dukiya mai yawa cikin shekara guda, kuma wannan nasara ce. Sai dai duk wanda ya san yadda ake ɗaure talaka shekaru saboda satar akuya zai ga wata shida bai yi daidai da girman ɓarnar ba, kuma irin wannan yana zubar da mutuncin shari'a a idon jama'a. Ghana ta nuna yadda ake sa wa sulhu haƙora. Wanda ya kafa Capital Bank, William Ato Essien, ya amince a ƙarshen 2022 zai mayar da sidi miliyan 90, da ya kasa cika alkawarin kuwa, kotu ta yanke masa shekara 15 a Oktoban 2023. Abin da za a nema ke nan: a karanta sharuɗɗan a bainar jama'a, masana masu zaman kansu su tantance darajar kadarorin, kuma saɓa alkawari ya dawo da cikakken hukunci.

A yi yaƙi da jinkiri

A nan ne Najeriya ta yi asarar yawancin abin da ta samu a 2009. Okey Nwosu na Finbank sai a Janairun 2021 aka yanke masa shekara uku, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tuhumar a 2013 a kan batun hurumin kotu, Kotun Ƙoli kuma ta dawo da ita a 2016. Francis Atuche na Bank PHB sai a Yunin 2021 aka same shi da laifi a kan naira biliyan 25.7, kusan shekara goma sha biyu bayan tsige shi. A cikin irin waɗannan shekaru shaidu suna mutuwa ko su bar ƙasa, alƙalai suna samun ƙarin girma a fara shari'a daga farko, darajar naira kuma tana zaizayewa har kuɗin da za a ƙwato ya zama kaɗan daga abin da aka ɗauka.

Mai gabatar da ƙara ya tabbatar da kotun da ke da hurumi kafin ya shigar da ƙara, ya kuma zaɓi tuhume-tuhume kaɗan masu ƙarfi maimakon ya jibga ɗari da zai kasa tabbatarwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana dakatar da shari'a saboda ƙorafin da aka ɗaukaka a tsakiyarta, ta kuma nemi a riƙa zama a jere, saboda haka a nace a yi aiki da ita. An taɓa gwada ɗaya gefen a zamanin Abacha, da kotunan musamman na bankunan da suka durƙushe ƙarƙashin dokar soja ta 1994, waɗanda suka yi sauri amma aka riƙa tsare mutane tsawon lokaci ba tare da beli ba. Ba wannan ake nema ba, domin hukuncin da aka samu ta hanyar tauye haƙƙi yana ba mai laifi damar zama abin tausayi.

Kada a manta da sauran masu hannu

Shugaban banki bai iya wannan ɓarna shi kaɗai. Akwai daraktocin da suka zauna suna karɓar alawus ba su tambayi komai ba, da kamfanonin odita da suka sa hannu a kan lissafin da ya nuna riba watanni kaɗan kafin a gano rami, da jami'an sa ido da suka ga alamu suka kau da kai. Akwai kuma manyan masu cin bashi, waɗanda Babban Banki ya wallafa sunayensu a Agustan 2009. Hukumar AMCON, da aka kafa a 2010 domin sayen ruɓaɓɓen bashin, ta shafe shekaru tana bin tiriliyoyin naira a hannun mutanen da ba su daina hawan manyan motoci ba. Dokokin da suka biyo baya, irin su ƙayyade wa'adin manajan darakta da wajabta sauya kamfanin odita bayan shekara goma, sun taimaka, amma ba su maye gurbin hana wanda aka samu da sakaci sake riƙe muƙami a kowane banki ba.

Abin da ke hannun mai ajiya da ƙaramin mai hannun jari

Mai ajiya ya fara da sanin iyakar kariyarsa. Tun 2024 NDIC tana lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, kuma abin da ya haura haka yana jiran a sayar da kadarorin bankin a karɓo basussukansa, kamar yadda masu ajiya a Heritage Bank suka gani bayan soke lasisinsa a Yunin 2024. Wannan yana nufin duk nairar da aka ƙwato daga hannun wanda ya ci bashi ya ƙi biya tana shafar abin da zai dawo aljihun mai ajiya kai tsaye, don haka yana da cikakken haƙƙin tambaya.

Mai hannun jari kuwa ya karanta rahoton shekara, musamman shafin da ke lissafa rancen da aka ba daraktoci da kamfanoninsu, ya kwatanta shi da na bara, ya halarci babban taron shekara ya yi tambaya a kai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba masu hannun jari kujeru uku cikin biyar a kwamitin binciken kuɗi na kamfani, kuma bai kamata a bar waɗannan kujeru ga mutanen da shugabanci ya zaɓo wa kansa ba. Dokar ta kuma ba da damar neman izinin kotu a kai ƙarar daraktoci a madadin kamfani idan kamfanin ya ƙi yi, abin da ya fi sauƙi idan masu ƙananan jari suka haɗa kai suka ɗauki lauya ɗaya.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma irin su EFCC, NDIC ko AMCON, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa. A yi amfani da ita a kan abin da aka fi mantawa da shi, wato makomar kadarorin da kotu ta ƙwace: a nemi jerinsu, da ranar da aka sayar da kowace, da wanda ya saya, da farashin da aka sayar, da asusun da kuɗin ya shiga. Idan hukuma ta ƙi amsawa ko wa'adin ya wuce, dokar ta ba mai neman bayani kwana 30 ya kai maganar gaban kotu.